Winarsih da Layin da Ta Ƙi Rubutawa

Mbak Winarsih, wato Yaya Winarsih, ba ta ɗaga murya. Na daɗe ina aiki da ita, ban taɓa jin ta yi wa ko kaza tsawa ba, kuma wannan hali nata saura kaɗan ya sa mini hawan jini a ranin da zan ba ku labarinsa. Ni ɗan Surabaya ne, sunana Priyo, aure ya kawo ni yankin Yogya. A garinmu idan mutum ya taka ka, sai ka ce masa ya ɗauke ƙafarsa. A nan kuwa murmushi za ka yi, ka tambaye shi lafiyar iyali, kana fatan ya lura da kansa. Mbak Win ta fi kowa iya wannan, ni kuma har yau ban koya ba.

A wani ƙauye kusa da Tepus aka haife ta, can cikin tsaunukan Gunungkidul, inda rijiyoyi kan ƙafe da rani sai an jira tankar ruwa. Ubanta manomin rogo ne, da rogo ta girma safe da yamma. Ta yi karatun lantarki a jami'a, ta yi shekaru a wata masana'anta a Batam tana gwajin na'urorin rediyo. Da uwarta ta kwanta ciwo ta dawo jinya, uwar ta rasu, ita kuma ba ta koma ba. Ba ta yi aure ba, duk wanda ya tambaye ta dalili sai ta miƙa masa alewar citta daga aljihunta ta canza magana. Yanzu ta doshi hamsin, tana yawo a kan tsohon babur, gilashin idonta a rataye da igiya a wuya.

Aikinta, wanda ya zama nawa, shi ne akwatuna. Robar ajiye abinci ce mai murfi, a ciki akwai ɗan allon lantarki kamar tafin hannu, a kan allon akwai ƙwayar rediyo da ba ta wuce farce ba. Mu ɗaure robar a kan doguwar gora bisa rufin masallaci ko makaranta, wani wurin mu ƙara mata kaskon suya ya tattaro mata sigina, ta fuskanci 'yar'uwarta a tsauni na gaba. Haka waifai ke tsallakawa daga tsauni zuwa tsauni har ya kai asibitocin ƙauye da makarantu, da masunta a bakin teku masu duba iska kafin su fita. Kamfanonin waya ba su ga abin ci a wajenmu ba, saboda haka 'yar ƙungiyarmu ce kaɗai. Ita ce mai tunani, ni ne mai hawa rufi.

Abin da ke tafiyar da akwatunan shi ne kanel, uwar manhajar nan da ba ta da mai ita. Kowa na iya buɗe ta ya karanta, kowa na iya aika gyara ta imel zuwa zauren masu aikinta, a duba a gaban duniya, a karɓa ko a watsa maka kayanka. Gyaran muna ce masa faci, kamar na taya. A cikin kanel kowace irin ƙwaya tana da ɗan shirin da ke sarrafa ta, shi ne direba. Direban ƙwayarmu tsoho ne, kamfanin da ya ƙera ƙwayar ma ya daɗe da mantawa da ita.

Shekara da shekaru ba mu taɓa manhajar akwatunan ba, tunda suna aiki. Sai aka gano wata ɓaraka da ɓarayin intanet ke shiga ta cikinta, dole muka sabunta su duka. Ba a jima ba bala'i ya fara. Da safe komai lafiya. Rana na take tsaka, sai akwatuna su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba sa farfaɗowa sai an cire wuta an mayar. Wayata ta koma ta zagi. Ungozomar wani asibiti ta kira ni tana cewa tana da mace a kwance, likitan Wonosari na duba ta ta hoton bidiyo, hoton ya daskare da bakinsa a buɗe. Ta ce idan wani abu ya sami matar, har gida za ta kawo mini mijin.

Muna cikin wannan sai ga saƙo a zaure daga Henning, wani Bajamushe da ke kula da direbobin rediyo. Ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, amma mun san shi da taƙaita magana. Ya rubuta cewa koke-koke sun yi masa yawa a kan wannan direba, daga Indiya, daga Barazil, duk abu ɗaya: yana sanƙarewa, ba wanda ya san dalili, ba kuma mai gyarawa. Idan ba a samu mai ɗaukar nauyinsa ba kafin ya haɗa kayan da zai tura sama, wajen manyan masu kula da kanel, a zagaye na gaba, zai cire shi daga kanel gaba ɗaya.

Na ce, "Mbak, su cire mana! Mu riƙe namu a gida, mu riƙa lallaɓa shi."

Ta ce, "Duk sabuntawa sai na sake ɗinke shi da hannuna, Dik. Ni kaɗai. In na mutu fa? Kai za ka yi?"

Dik take ce mini, wato ƙane, kuma ta san ni da rubutun shiri sai dai gaisuwa daga nesa. Idan direban ya fita, akwatunan za su zama robar abinci kawai a kan gora, aikin rayuwarta kuma ya tafi ke nan. Ta zauna ta rubuta wa zaure layi ɗaya, karo na farko a rayuwarta: "Ina da ƙwayar a hannu, zan gyara."

Ita ta fara zargin zafi. Matsalar ita ce a ofishinmu na Wonosari, ƙarƙashin fanka, akwatin ba ya mutuwa ko ka yi masa magiya. Ba za mu iya jiran tsakar rana a kan rufin kwano don kowane gwaji ba. Sai ta ɗauko tukunyar shinkafarmu ta lantarki, ta shimfiɗa tsumma a ciki, ta kwantar da allon, ta murɗa ta inda take ɗumama abinci, wayoyi na leƙowa ta gefen murfi. Kafin shayi ya huce akwatin ya sanƙare. Na yi ihu kamar an ci ƙwallo. Daga ranar muka koma sayen abinci a bakin titi, don tukunya ta samu babban aiki.

Sauran aikin na haƙuri ne. Tsakanin tsohuwar manhajarmu mai lafiya da sabuwa marar lafiya akwai canje-canje dubbai, kowanne da sunan mai shi. Sai ka yanka tarihin biyu, ka gwada na tsakiya a tukunya. In ya mutu, laifin yana baya. In ya rayu, yana gaba. Ka sake yanka rabin da ya rage, ka sake dafawa. Kowane yanka yana rage masu laifi, har a wayi gari saura mutum ɗaya.

Ina cin soyayyar taliya a bakin ƙofa lokacin da ta kai ƙarshe. Na ji ɗakin ya yi tsit. Na leƙa, na gan ta ta cire gilashi ta sake shi a ƙirji, ta rufe kwamfutar a hankali kamar mai rufe ƙofar ɗakin marar lafiya.

"An kama shi?"

"An kama."

"Waye ɗan banzan? Faɗa mini ƙasarsu in zage su duka."

Ta ce, "Ka iya bakinka, Dik. Pak Darmaji ne."

Na ajiye taliyar. Pak Darmaji, wato Baba Darmaji, malaminta ne a jami'a, nawa ma, ko da yake ni ban gama ba. Shi ya ga 'yar manomin rogo a bayan aji ya jawo ta gaba, a gidansa ta zauna shekarar da ta rasa wurin kwana, shi ya koya mana ɗaura akwati a gora tun ba wanda ya yarda abin zai yi. A duk yankinmu shi ne mutum na farko da sunansa ya shiga kanel, kuma da wannan canjin ya shiga. Ya koya wa direban ya riƙa duba zafin ƙwaya yana daidaita ƙarfinta, don ta dace da ƙasashe irin namu. Ranar da aka karɓa har walima ɗalibai suka yi, da shinkafa mai launin rawaya. Ya gwada shi a ɗakin gwaji mai na'urar sanyi, ya gwada a gidansa na Kaliurang, gindin dutse, inda mutane ke kwana da bargo. Zafin rufin kwanon Tepus bai taɓa shiga lissafinsa ba.

Gyaran kansa bai fi layi huɗu ba. A yammacin nan ta rubuta shi, ta dafa allon har tukunya ta gaji, bai mutu ba. Ta aika wa zaure. Sai dai ta bar abu ɗaya. Al'adar zauren ita ce duk facin da ke gyara kuskure sai ya ɗauki layi a ƙasansa mai faɗin canjin da ya kawo kuskuren, a kuma sa mai canjin cikin waɗanda imel ɗin zai je wa. Ba don tozartawa ba, don masu riƙe da tsofaffin manhajoji su san har ina za su kai gyaran. Amma layin yana zama a tarihi har abada, kowa na gani.

Amsar Henning ta zo washegari. "Gyaran ya yi. Ina layin da ke nuna canjin da ya jawo? Sa shi, ki sa mai shi a imel, ki sake aikowa. Ba na karɓa babu shi. Ranar Juma'a ta sama zan haɗa kayana."

Na ce, "Shi ke nan, Mbak, layi ɗaya ne. Rubuta mu huta."

"In kira sunan Pak a gaban duniya in ce ga ɓarnarsa?"

"Ai ba ke kika ce ba, tukunya ce ta ce!"

"Imel ɗin daga hannuna zai fita. Ya buɗe da safe yana shan shayi, ya ga ɗalibarsa ta nuna shi da yatsa a tsakiyar kasuwa, ba ko sallama."

"To kira shi ki faɗa masa."

Ta dube ni kamar na ce ta je ta mare shi. A wajen mutanen nan ba ka gaya wa babba ya yi kuskure. Kana kai masa matsalar ne kamar ta fi ƙarfinka, ka ajiye a gabansa, ka ja da baya, shi da kansa ya gano, ya gyara, kai kuma ka yi godiya da ya koya maka. Dabarar da ta yanke ke nan. Za ta buga shafukan a takarda ta kai masa, ya ga kuskuren da idonsa, ya aika facin da sunansa. Mai kuskure ya zama mai gyara, ba wanda ya ji kunya. Na ce mata wannan wasa da wuta ne. Ta miƙa mini alewar citta.

Muka hau babur zuwa Kaliurang da tsarabar soyayyar fara, wadda yake so tun da can. Muka same shi a baranda cikin rigar sanyi, ya rame, amma muryar tana nan. Matarsa Bu Ningrum ta kawo shayi, muka bar shi yana hucewa har sai da ya ce mu sha sau biyu. Aka yi hirar fari, aka yi ta jikoki, aka yi ta farashin barkono. Ni ina zaune kamar a kan ƙaya. Can dai Mbak Win ta zaro takardun ta miƙa da hannu biyu, kai a sunkuye.

"Pak, akwatuna na mutuwa da rana. Na duba wajen nan na zafi, kaina ya kulle. Ko za a taimaka a duba mana?"

Ya karɓa, ya shafa takardun, ya ɗora a cinya. "Bar su, Nduk. Zan duba." Haka yake kiranta, kamar 'yar cikinsa.

A hanya na ce, "Kin gaya masa akwai ranar ƙarshe?"

"Zai gani a zaure."

"In bai gani ba fa?"

Ta ƙara wuta, iska ta tafi da maganata.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Mun sa gyaran a akwatunan da muka iya kaiwa, na asibitin ungozomar nan da farko, don in samu in yi barci. Amma zaure shiru. Kullum da safe Mbak Win sai ta buɗe imel tana neman sunan Pak, ta rufe. Ta daina cin abinci sosai. Da ta kira don gaisuwa, ta kewaya ta kewaya ta iso kan takardu, ya ce, "Ina kai, Nduk, ina kai." Ta ce ba gaggawa, Pak. Na ji da kunnena ta ce ba gaggawa! Na fita waje na shuri bokiti.

Ranar Laraba Henning ya sake rubutu, a gaban kowa: "Ban ji komai ba. Facin cirewa yana shirye." A ƙarƙashinsa wani mutum daga wata ƙasa ya ƙara da cewa haka ake yi kullum, mutum ya ce zai gyara sannan ya ɓace. Na ga ta karanta, kunnuwanta suka yi ja.

Na ce, "Mbak, wallahi ni zan aika. Na san lambar canjin, na san adireshinsa. Ni ɗan Surabaya ne, an riga an san ba mu da ta ido."

Ta ce, a hankali kamar kullum, "In ka aika, Dik, ka nemi wani wurin aiki."

Ba ta taɓa yi mini magana irin wannan ba. Na tsorata, na kuma ji haushi, don na ga za ta bar asibitoci da makarantu su koma duhu saboda kunyar mutum ɗaya. Na faɗa mata haka. Ta ce ta sani, kuma shi ya hana ta barci.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka sake kama hanyar Kaliurang, kwamfuta a jakarta, ba tsaraba. A Jamus gari bai daɗe da wayewa ba, ba mu san ko da safe Henning ke haɗa kayansa ko da yamma ba. Duk jar danjar da muka tsaya sai na duba waya.

Bu Ningrum ce ta tare mu tun a bakin ƙofa, ta ja hannun Mbak Win zuwa kicin, ni ma na bi ba a gayyace ni ba. Ta rage murya.

"Win, don Allah me ke cikin takardun nan? Mutumin nan zai kashe kansa a kansu."

"Ya gano wani abu, Bu?"

"Ya gano me? Ai ba ya gani! Tun bara ciwon suga ya ci masa ido. Yana ganin mutum, yana ganin hanya, amma rubutu sai dai baƙi-baƙi. Ya rantsar da ni kada in gaya wa ɗalibansa. Tunda kika kawo su, kullum yana bakin taga da madubin ƙara girma har idon ya yi ta ruwa. Da ya gaji sai ya ce in karanta masa. Ni da na koyar da ɗinki, me na sani? Alamomin rubutun nan ina ce masa ga wani baka, ga wata ƙugiya, ga ɗigo da wutsiya, shi kuma yana yi mini faɗa."

Mbak Win ta dafa bango. Ni kuwa duk zafin kaina ya zube, kunya ta rufe ni. Muna can muna jiran ya gane nuni, shi yana nan yana ɓoye makanta don kada ya ba ɗalibarsa kunya ta zo neman taimako ta koma hannu biyu. Kowa na tsare mutuncin wani, lokaci kuma na ta tafiya.

Ta goge fuska da bakin mayafi ta fita baranda. Bayan gaisuwa ba ta jira shayi ba, wanda a wajenta wannan kaɗai rashin kunya ne babba. Ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa ta buɗe kwamfuta.

"Pak, bugun takardun nan bai fito da kyau ba, injinmu ya tsufa. Bari in karanta daga nan."

Ya juya kai wajen kicin, ya dawo da shi. Ya san an faɗa. Ya ce, "Karanta."

Ta fara, da irin karatun da masu sana'ar ke yi wa juna, ba baka ba ƙugiya. "Karɓi zafi daga ƙwaya. Raba shi da biyar. Abin da ya fito shi ne matakin da za a duba a jadawali. Ɗauko ƙarfin da ke matakin, miƙa wa ƙwaya."

"Tsaya. Jadawalin mataki nawa ne?"

"Goma sha huɗu, Pak."

"Daga sifiri ake ƙirgawa. Na ƙarshe sha uku ke nan." Yatsunsa na motsi a kan gwiwa. "In zafi ya kai saba'in fa? Ina shingen? Karanta mini inda na tare shi."

Ta kafe ido a kan kwamfutar.

"Nduk, karanta mini shingen."

"Babu, Pak."

Ya jingina da kujera. Ya faɗa da kansa, kamar yana gaban aji: in zafi ya kai saba'in, direban zai taka matakin da babu shi, ya kwaso duk sharar da ke bayan jadawalin ya ɗura wa ƙwaya, ita kuma ta sanƙare. Ya ce, "Nawa ne. Ni na rubuta wannan." Sannan ya juyo da fuskarsa inda take. "Tun yaushe kika sani?"

Ta sunkuyar da kai.

"Priyo, kai ba ka iya ɓoye magana ba. Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kafin mu kawo fara, Pak. Gyaran ma yana cikin kwamfutar. Yau Bajamushen zai cire direban in ba a sa layin da ke kiran canjinku ba."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Bai yi tsawa ba, muryar ce ta yi ƙasa. "Kin zo gidana da amsa a jaka, kika bar mini tambaya. Mata na naƙuda a tsauni, ke kina nan kina lallashin tsoho. Abin da na koya miki ke nan?"

Hawaye na zuba mata ta ce, "A gafarce ni, Pak. Na so ne ya fita da sunanku. Har yanzu ana iya yi, in sa ku a matsayin mai gyaran, ai yanzu da kanku kuka gano."

"Sa hannu a ƙasan faci rantsuwa ce cewa kai ka rubuta. Wa ya rubuta?"

"Ni ce."

"To sa sunanki. A layin laifi ki sa canjina, lambarsa da takensa, kada ki rage harafi. Ki sa adireshina a imel, su san ina raye." Ya numfasa. "Ki ƙara layin amincewa da sunana. Amma ki rubuta musu cewa karanta mini aka yi na ji na yarda. Kada ki ce na duba."

"Pak, in na rubuta haka kowa zai san..."

"Su sani. Na gaji da riƙe takarda ina yi kamar ina karatu. Rubuta, rana na tafiya."

Ta yi ta kuskuren buga lambar canjin, sai da na riƙa karanto mata harafi harafi daga wayata. Na duba zaure: ba alamar an tura facin cirewa, ba kuma alamar ba a tura ba. Ta karanta masa saƙon duka daga sama har ƙasa, ya gyara mata kalma ɗaya, ya ce ta yi tsawo. Ta ɗora yatsa a kan maɓalli ta tsaya.

Ya ce, "Ban ji ƙarar ba."

Ta danna.

Daga nan sai jira. Aka kira la'asar, muka yi salla muka dawo muka zauna. Hazo ya fara saukowa daga dutse, Bu Ningrum ta sake kawo shayi, ba wanda ya taɓa. Ina ta jan fuskar waya ƙasa kamar mai tatsar saniya, ba abin da ke fitowa. Na fara tsara zagin da zan yi wa Henning in ya riga ya tura, na ga ba ni da Turancin da zai ɗauke shi. Mbak Win na zaune a ƙasa inda take, ba ta ɗaga kai ba. Na ji tsoron abin da ya fashe tsakaninta da Pak yau ba zai ɗinku ba, ko direba ya tsira ko bai tsira ba.

Can ya yi gyaran murya.

"Nduk."

"Na'am, Pak."

"Fayil ɗin yana buɗe?"

"Yana buɗe."

"Koma sama, daga farkonsa. Karanta mini. Na daɗe ban ji shi ba."

Ta mayar da gilashinta, ta share hanci, ta fara. Ya lumshe ido ya jingina kai. Wani wurin ya gyaɗa, wani wurin ya ce wannan ba nasa ba ne, wani ɗan Faransa ne ya rubuta, kuma ya cika son kewaye. Ta yi 'yar dariya cikin hawaye ta ci gaba. Leɓunansa na motsi, sau da yawa yana riga ta isa ƙarshen layi.

Suna tsakiyar haka wayata ta girgiza. Henning ne, a zaure, a gaban kowa: "Na karɓa. Na janye facin cirewa. Winarsih, direban yana hannunki daga yau. Ku gaida Darmaji."

Na buɗe baki zan yi ihu, irin na mutanen garinmu. Na dube su, ita a ƙasa tana karatu, shi a kujera yana binta da baki, sai na kife wayar a cinyata na ɗauki shayina mai sanyi. Sai da ta kai layin ƙarshe na faɗa musu.